Balarabe Ya Ƙara wa Surukinsa Tsawo

A Ƙafin Maiyaki, in rediyonka ta lalace, ko dai ka ajiye ta ka yi haƙuri, ko kuma ka kai wa Balarabe ka yi haƙurin gaba ɗaya. Shagonsa na nan bakin tasha, da allo a sama an rubuta da jan fenti: INJINIYA BALARABE, MAI GYARAN KOMAI. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi injiniyancin. In ka tambaye shi sai ya gyara zama ya ce ai masu gina dam ɗin Tiga har gida suke biyo mahaifinsa neman shawara, shi kuwa a nono ya sha abin.

Mutanen gari sun saba da shi, sun san cika baki ne kawai. Wadda abin ya ci ita ce matarsa Luba, tela mai ɗinkin mata, wadda kekenta ke ci da gidan fiye da shagon maigidan. Wata rana Balarabe ya tsaya yana kallonta tana taka keke, sai tausayi ya kama shi, irin tausayinsa mai jawo asara.

"Matar injiniya guda tana taka keke da ƙafa? Ai abin kunya ne."

"Malam, ka bar mini kekena yadda yake. Ƙafata ba ta kai ƙara wurin kowa ba."

Ya bari ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, ya ɗauko injin ban ruwan wani manomi da aka kawo masa gyara, ya haɗa shi da keken da bel. Tana dawowa ya ce ta tsaya ta ga ikon ilimi, ya finciki igiya. Keken ya ɗauka da ƙara kamar jirgi zai tashi. Kafin a ce kwabo ya haɗa atamfar wata amarya da labulen ɗaki da hannun rigar Balarabe, ya ɗinke su wuri ɗaya. Allura ta yi tsalle ta kafe a azara, keken kuma ya taho da rawa har tsakar gida ya kife a kan turmi.

Luba ta dubi kekenta a kife. Ta ɗauki mayafinta ta nufi Tiga, gidan ubanta.

Gwaggo Zuwaira, yayar mahaifinsa, ita ta fara zuwa ta same shi yana ta fama da almakashi yana raba kansa da labule.

"Kai, marar kan gado! Ka nemi dattawa biyu, ka sayi goro, ku je biko tun abin bai yi tsami ba. Ka durƙusa ka ce ka tuba, shi ke nan."

"Gwaggo, wannan ai bikon gama-gari ne. Ni in zan yi biko, irin wanda za a daɗe ana labari zan yi."

"Za a daɗe ana labari kam," in ji ta, ta kama hanya.

Gaskiyar magana, tsoro ne ya hana shi zuwa. Balarabe da ba ya jin kunyar kowa a duniya, in aka ambaci surukinsa Alhaji Alkasim sai jikinsa ya mutu. Tun ranar da ya fara neman Luba bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskar mutumin nan ba. In ya hango ayarinsa a hanya sai ya saki hanyar ya faɗa lungu. In ya je gaisuwar Sallah, tun daga ƙofar zaure yake tuɓe takalmi ya shiga a tsugune, kai a ƙasa, ya fito da baya. Abin da ya sani na Alhaji shi ne takalminsa sau-ciki ruwan ƙasa, da gefen babbar riga, da wata murya mai kauri da ke sauko masa daga sama. Wanda kuwa kullum daga tsugune yake jin muryar mutum, ai dole ya ɗauka mutumin giginya ne.

Alhaji Alkasim kuwa gajere ne, gajere na gaske, mai faffaɗar fuska zagayayya. Duk Tiga an san haka, kuma duk Tiga an san ba a faɗa. Ka zagi gonarsa ya yi dariya, amma ka kuskura ka ce "gajere" ko da jaki kake nufi, to kun ɓata har shekara ta zagayo. Shi ya sa hularsa ta fi ta kowa tsawo.

Gidan Balarabe ya yi shiru babu Luba. Ya ci garin kwaki har ya fara mafarkinsa. Da gaske yake kewarta, don in ya shigo ya ga keken a kife sai ya kau da kai. Ana cikin haka sai ga Ghali ɗan acaɓa, ɗan Gwaggo Zuwaira, taubashinsa, wanda bai da abin da ya fi so a duniya kamar ya ga Balarabe ya faɗa rami.

"Bawana, ka ji labari? Surukinka zai sauka daga shugabancin ƙungiyar manoman rani. Ranar Asabar za a yi masa walimar ban kwana. Sun shirya ba shi hotonsa na kwamfuta, amma injin bugawar ya gagare su."

"Firinta?" Balarabe ya miƙe. "Ni da nake kwance firinta in ɗaure ido a rufe?"

"Ka taɓa ganinta?"

"Tayar da babur, yaro. Yau ga bikon da nake faɗa wa tsohuwarka."

Ofishin ƙungiyar ɗaki biyu ne a Tiga, a gefen babbar hanyar ruwa. A na ciki aka ajiye kwamfutar da wasu masu tallafa wa manoma suka bari, da firintarta, wata ƙatuwar aba kamar akwatin lefe a kan ƙafafu. Takardarta faffaɗa ce, mai huji-huji a gefe biyu, a haɗe take shafi da shafi tana fitowa daga kwali kamar rawani. Ba harafi-harafi take bugawa ba, layi guda take maka wa takarda gaba ɗaya, ta tura ta sama, ta sake maka wani.

Sakataren ƙungiya, Malam Mujitaba, mutum ne mai sanyi wanda damuwa ta sa ya rame a sati guda. Ya yi musu bayani. Wani ɗan bautar ƙasa da ya zauna da su shi ya zauna ya zana fuskar Alhaji da haruffa zalla: inda ke da duhu ya cika da M, inda ke da haske ya sa ɗigo. In ka matsa kusa tarkacen rubutu ne, in ka ja baya sai ga mutum. Ya buga sau ɗaya ya yi kyau, ya tafi garinsu da wannan ɗin don tunawa.

"Kafin ya tafi ya ce mana, duk sanda aka kashe janareta injin nan mantawa yake da tazarar da ke tsakanin layi da layi. Sai an danna nan, an rubuta masa lambar umarni, sannan zai san iya yadda zai riƙa tura takarda. Ƙaramar lamba, layuka su matsu. Babbar lamba, su ware."

"Wannan ai karatun 'yan aji ɗaya ne. Ina lambar?"

Malam Mujitaba ya nuna bango fari fat. "Da alli ya rubuta ta a nan. Shekaranjiya muka sa aka shafe ofis da farar ƙasa saboda walima."

Ghali ya fashe da dariya. Balarabe ya naɗe hannun riga.

"Ku ba ni wuri. Yaron nan ma ai irinmu suka koya masa. Shi ilimi daga tushe ake faro shi."

Ya danna inda aka nuna masa, ya rubuta sifili.

Injin ya ɗauki ruri kamar ana sussukar dawa. Takarda ko motsi ba ta yi ba. Hula da goshi da ido da gemu duk aka riƙa jibga su a layi ɗaya, wurin ya yi baƙi ƙirin, ya fara ƙauri, sannan takardar ta tsage gida biyu ta faɗo.

"Inna lillahi! Ina Alhajin?" in ji Sakatare.

Balarabe ya ɗaga baƙin layin ya duba. "Gashin bakinsa ne. Injin daga nan yake farawa."

"Alhaji ba ya ajiye gashin baki."

"Shi ya sa na tsayar da shi. Gwaji ne."

Kafin a sake ɗaura takarda, ƙarar ta tara mutane a taga: masu jiran rabon ruwa, da mai rake, da wasu tsofaffi biyu da suka baro inuwar mangwaro. Balarabe ya ga jama'a, kansa ya ƙara girma. Ya rubuta uku. Wannan karon takarda ta motsa, sai dai abin da ya fito a taƙure yake, ido da baki sun haɗe, kunnuwa sun baje gefe.

"Kwaɗo ne!" in ji mai rake.

"Kwaɗo da hula," wani tsoho ya gyara masa.

"Ku yi mana shiru, aikin ilimi ake yi," in ji Balarabe, gumi na keto masa. Ya laluba wani maɓalli don ya tsayar da injin, ashe na tsallake shafi ne. Takarda ta riƙa feshowa fara fat, shafi na bin shafi, ta haye kafaɗarsa ta sauka bayan Ghali. Sai da Sakatare ya yi tsalle ya riƙe masa hannu.

"Injiniya, don girman Allah, kwali ɗaya gare mu!"

Aka naɗe ta aka mayar. Ya gwada biyar, aka ce waina. Ya gwada bakwai, aka ce an fara ganin ɗan Adam. Sai ya rubuta tara, takarda ta fito. Malam Mujitaba ya ja da baya har bango, ya tafa hannu.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Alhaji sak, har ɗan murmushin nan nasa na ranar rabon taki!"

Mutanen taga suka ɗauka: "Shi ne! Kamar ya yi magana!"

Balarabe na jin an ce shi ne, sai jikinsa ya yi abin da ya saba. Ya zame takalmi, ya durƙusa a gaban firinta, kai a ƙasa.

"Barka da yamma, Baba."

Sai da dariyar mutane ta dawo da shi hayyacinsa. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya saci kallon takardar ta wutsiyar ido. Ya ga wata zagayayyar fuska kamar faifai. Ransa ya ɓaci.

"Wannan ba surukina ba ne."

"Kamar yaya ba shi ba ne?" in ji Sakatare.

"Ku dube shi fa, kamar an danne shi da dutsen niƙa! Baba dogon mutum ne, mai doguwar fuska irin ta manya. Ni za ku gaya wa surukina? 'Yarsa nake aure!"

Mutanen taga suka dubi juna. Ba mai iya buɗe baki ya ce Alhaji gajere ne, don maganar da aka yi a tagar ofis kafin magariba ta isa zaurensa. Malam Mujitaba ya yi ta neman kalmar da ba za ta ci shi ba.

"To... ai Alhaji... tsawonsa daidai shi ne."

"Ka ji ko! Daidai shi. Dogo ke nan."

Ghali, wanda ya gane inda gizo ke saƙa, ya matso da fuskar tausayi. "Gaskiyar bawana ce. Ni ma na ga kamar an rage masa. Ƙara masa, Injiniya. Suruki ai ba a yi masa ƙwauro."

Balarabe ya rubuta sha takwas. Fuska ta fito ta miƙe, haɓa ta yi ƙasa, hanci ya zama kamar ludayi. Wani daga taga ya ce raƙumi, ya yi maza ya duƙe. Balarabe kuwa ya gyaɗa kai.

"Yanzu aka fara magana."

Nan Sakatare ya tubure. Ya ce tara ce, tara za a bari, in ba haka ba a kashe janareta kowa ya kama gabansa. Balarabe ya ga aikin zai kuɓuce masa, ya sauko, amma da sharaɗi: ba za a kawo hoto a naɗe kamar tsire ba, a gaban jama'a za a buga shi, Alhaji na zaune yana gani. Malam Mujitaba ya auna maganar. Shawarar ta burge shi, don ba a taɓa yin haka a duk yankin ba. Ya yarda, amma ya kama hannun Balarabe ya rubuta masa tara a tafi da biro. Hoton nan mai kyau da aka buga da tara kuwa, Sakatare ya ce a adana shi saboda tsaro. Ghali ya ce shi zai adana. Kafin su kai Ƙafin Maiyaki ya naɗe ƙosai da shi.

Daga ranar Balarabe bai bar kowa ya huta ba. A tasha ya ce shi aka ɗauko takanas bayan injiniyoyin birni sun kasa. A wurin mai shayi ya ce injin da ya ji hannunsa sai da ya yi masa gaisuwa. Ya aika wa Luba saƙo ta bakin wata mai kai tumatir cewa ta haɗa kayanta, ranar Asabar ubanta da kansa zai ɗora ta a mota. Mai tumatir ta dawo da amsa: Luba ta ce a tambaye shi ko keken ya tashi daga kan turmi.

Gwaggo Zuwaira ta sake zuwa. "Goron nan dai, Balarabe. Goro da dattawa."

"Gwaggo, zamani ya wuce goro."

"To. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Ranar Asabar da hantsi filin gaban ofis ya cika. Manoma sun zo daga Bebeji da Kiru, har da na Tudun Wada da Doguwa masu sayen iri a wurin ƙungiyar. An kafa rumfuna, maza a gaba, mata a gefe. Alhaji Alkasim na zaune a kujerar tsakiya, wadda aka ɗora wa matashi biyu kamar yadda aka saba ba tare da kowa ya ambata ba. Ƙarti huɗu suka ɗauko firinta suka dire a kan tebur, aka jawo waya daga janareta.

Balarabe ya iso cikin wata kwat da ya aro, ga tabarau, ga sukuddireba uku a aljihun gaba. Da ya zo wucewa ta gaban manyan baƙi sai ya tuɓe takalmi ya bi a duƙe, idonsa a kan sau-ciki ruwan ƙasa, har ya isa teburinsa. Can ya miƙe ya koma injiniya.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka yabi Alhaji da adalcin rabon ruwa. Sannan mai gabatarwa ya ce ga kyauta ta musamman, ya miƙa wa Balarabe lasifika don ya ce kalma ɗaya. Kuskuren da ya yi ke nan.

"Jama'a, wannan inji da kuke gani ya gagari masana. Amma yau, da lamba ɗaya tak, zan umarce shi ya fito muku da Baba kamar yadda Allah ya yi shi. Ba ragi. Wasu sun so a tauye shi, ni na ce ba a gabana ba!"

Malam Mujitaba ya zabura. Ya matso yana raɗa: "Tara, Injiniya. Dubi hannunka."

Balarabe ya dubi tafinsa, ya danna, ya rubuta tara. Da a nan ya tsaya, da yanzu wani labarin ake yi. Sai ya ɗaga kai, ya hango Luba a rumfar mata, da shuɗin mayafi, ta tallabe haɓa tana kallonsa. Ya ce a ransa, yau uban matar nan zai san ya yi suruki. Sha takwas ma da ya gwada ai rowa ce. Girman mutum, girman lambarsa. Ya miƙa yatsa ya ƙara sifili a bayan taran.

Injin ya maka layi ɗaya, ya tura takarda kusan rabin taƙi. Ya maka wani, ya sake turawa. Takarda ta haye bayan injin, ta sauka daga tebur, ta kama tafiya a ƙasa.

"Me ke fitowa?" Alhaji ya tambayi na kusa da shi.

"Hula ce, ranka ya daɗe."

Aka jima. "Yanzu fa?"

"Har yanzu hular ce."

Sakatare ya dafe kai ya zauna a kan kwalin lemo. Ghali kuwa ya yi wuf ya kama bakin takardar, wai taimako, ya ɗare bayan wata motar tumatir da ke tsaye a gefen rumfa, ya ɗaga ta sama iya tsawon hannunsa. Injin ya ci gaba da aikinsa har ya kai ƙarshen gemu, ya yi shiru.

Na gaba ba su ga komai ba sai layuka jefi-jefi kamar kunyoyin gona. Na can baya su hoton ya fara bayyana wa. Daga can dariyar ta taso, tana matsowa sahu-sahu. Fuska ce siririya, doguwa kamar tabarmar masallaci. Ido biyu sun zama kamar ƙwayayen gwanda a tsaye, hanci ya yi zira'i biyu, tsakanin leɓe da haɓa kuwa sai ka yi tafiya. Amma abin da ya fi ci wa mutane rai da dariya shi ne, duk da haka, ana gane Alhaji ne.

Mai ɗaukar hoto da aka ɗauko daga birni bai san dokar garin ba. Ya ce, "Alhaji ya taso ya tsaya kusa da kyautarsa."

Ba yadda Alhaji zai yi. Ya sauko daga kan matasansa, ya tako ya tsaya a gindin takardar. Ƙololuwar doguwar hularsa ta tsaya daidai ƙofar hancin hoton.

Wani tsoho abokin wasansa daga Doguwa, wanda ya shekara arba'in yana haɗiye maganar nan, ya kasa riƙewa. "Alkasim, ashe kana da tsawo, a fuska ka ɓoye shi!"

Filin ya kece. Liman ya rufe baki da rawani kafaɗunsa na rawa. Mata suka riƙa faɗawa jikin juna. Balarabe, da yake bayansa ya ba wa manyan baƙi saboda kunya, ya ɗauka murna ce. Ya ɗaga hannu biyu yana amsa gaisuwa.

"Balarabe!"

Muryar nan mai kauri ce. Nan take ya zube, ya ja gwiwa har gaban sau-ciki ruwan ƙasa.

"Na'am, Baba. Ba sai an gode mini ba, Baba."

"Haka nake?"

"Ai ko rabinka injin bai kai ba, Baba. Takarda ce ta yi kaɗan."

"Tashi tsaye."

"Baba, wane ni."

"Na ce tashi! Ka dube ni da idonka."

Balarabe ya miƙe, ido a rufe. Ya ɗaga kai sama, can inda ya san fuskar take, ya buɗe ido. Ba kowa sai rufin rumfa. Ya duba dama, ya duba hagu.

"Baba ya tafi ne?"

"Ga ni nan," in ji murya daga wajen aljihun kwat ɗinsa.

Ya sunkuyo. Ga hula. A ƙarƙashin hula ga wata zagayayyar fuska kamar faifai, irin wadda ya taɓa gani a ofis, sai dai wannan babu murmushin ranar rabon taki. Balarabe ya daɗe yana kallo baki buɗe. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, to nasa yau ya fara aiki. Kuma da yake bakinsa bai taɓa jiran izinin kansa ba, ga lasifika a hannu bai ajiye ba, sai ya waiwaya wajen Sakatare.

"Malam Mujitaba, ashe gaskiyarka ce, tara ce. Kai, bakwai ma ta isa."

Alhaji ya sunkuya ya zare takalmi. Wannan kam Balarabe ya gane shi tun kafin ya taso. Ya zabura, ƙafarsa ta sarƙe da takarda, ya finciko Ghali daga kan mota, su biyu suka naɗe cikin fuskar Alhaji suka gangara. Ghali ya tsaya a bakin hanyar ruwa. Balarabe bai tsaya ba. Tsulum! Da ya ɗago, hular hoton na manne a kansa, tabarau ya tafi ban ruwan tumatir.

A bakin ruwan ya ga shuɗin mayafi. Luba ce, ta yi dariya har hawaye sun wanke mata kwalli.

"Luba, kin haɗa kayan?"

"Injiniya, ka fara fitowa tukuna. Ka ɗinke labule, ka miƙe Baba. In na biyo ka yau, ni me za ka mayar da ni?"

Ta juya ta shige cikin mata. A nan ne dariyar ta daina yi masa kama da tafi. Ya tsaya cikin ruwa iya ƙugu, sanyi na shigarsa, ya san yau gida zai koma shi kaɗai.

Sai da aka kwana biyu ƙura ta lafa sannan Gwaggo Zuwaira ta ɗauki dattawa biyu da ƙwaryar goro suka tafi Tiga, abin da ta faɗa tun farko. Balarabe aka bar shi a waje, a tsugune gindin bango. Alhaji ya kafa sharuɗɗansa: a kai keke wurin mai gyaran gaske a Kano, a goge "komai" daga allon shago, akwatin sukuddireba kuma in ya shigo gida Luba ke riƙe makullinsa. Dattawa suka ce an karɓa.

Da za su tashi, Alhaji ya yi gyaran murya, ya rage sauti.

"Hajiya Zuwaira, tsakaninki da Allah. Yaron nan duk shekarun nan da gaske yake ɗauka ni dogo ne?"

"Wallahi, Alhaji, har rantsuwa yake yi a tasha."

Alhaji ya shafa gemu. Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa yi masa wannan zaton ba, ga shi mutum ɗaya da ya yi, shi da bakinsa ya ce masa ya tashi tsaye.

"To, ta koma ɗakinta," ya ce. "Amma ku gaya masa, in zai zo gaishe ni, ya ci gaba da zuwa a tsugune."